Tumakin Abu Miflih a Kufan Busaira

A tashar Tafila, ana jiran motar Busaira ta cika, Abu Miflih makiyayi ya zauna kusa da wani saurayi mai rungume da takardu.

"Baƙo ne kai, ɗana?"

"Aiki aka turo ni, Baba. Za mu kewaye kufan sarakunan Edom da waya. Wai wani tsoho ne ya mai da wurin makwancin tumakinsa, duk sun ɓata shi da kashi."

"Assha, bai kyauta ba," in ji Abu Miflih. "To kai da ka yi karatu, me sunan garin namu yake nufi?"

Saurayin ya gyara zama. "Da Ibrananci Bozra ake ce masa. Shekara biyu na yi ina bincike a kansa. Ma'anarsa makwancin tumaki."

"Ka tabbata?"

"Ko a gaban alƙali zan maimaita!"

"Madalla. Rubuta mini a takarda, ka sa hannu."

"Me za ka yi da ita, Baba?"

"Wa alƙalin zan kai ta mana. Ni ne tsohon, kuma ashe tumakina a gidansu suke kwana."