Layar da Rifkatu Ta Wanke

'Yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu. Salamarsa ta tabbata a gidajenku da kan hanyoyinku.

Sunana Bitrus, direba ne ni a Goronyo. Albasa nake ɗauka zuwa Sakkwato, wani lokaci tafarnuwa daga Wurno. Iyayena mutanen Zuru ne, aiki ya kawo babana madatsar ruwa, a nan aka haife ni, a nan aka yi mini baftisma. Dattawan ikilisiya sun ce in rubuta abin da Ubangiji ya yi mini don a sa a takardar zumunta. Na yi ta zille-zille saboda kunya, amma wanda aka fitar daga rijiya ba ya ɓoye cewa ya jiƙe.

Shekara biyu da suka wuce, da hantsi, muna dawowa daga wajen Shinaka da lodi. Abokina Garba yana gaba a tasa motar, ina biye da shi. Muna shan wata kwana sai 'yan bindiga suka fito daga cikin gero. Ban san yadda na juya motar ba. Ni na tsira, Garba kuwa washegari muka kai shi makwancinsa.

Daga ranar tsoro ya shige ni. In na riƙe sitiyari hannuna ya jiƙe da zufa. Ko jaki ya motsa a gefen hanya sai gabana ya faɗi. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To ni ko tsumman ban jira gani ba.

Cikin wannan hali na haɗu da wani mutum a tasha a Sakkwato, mai farar doguwar riga da ƙaton gicciye a wuya. Direbobi Kirista suna kiransa Mai Hatimi. Ya ce Littafi Mai Tsarki da muke karantawa da Hausa ya sha ruwa, an yi ta juya shi daga harshe zuwa harshe har ƙarfinsa ya tsiyaye. Ya ce ainihin ikon yana cikin haruffan Ibrananci, harshen annabawa, kuma shi kaɗai aka ba sirrin rubuta su. Ya nuna mini takarda cike da baƙaƙen haruffa masu kusurwa, ban taɓa ganin irinsu ba. A gabana ya ninke ta, ya ba baduku ya ɗinke cikin jar fata.

Ni ɗan mai bi, jikan mai bi, na karɓi laya da hannu biyu!

Ya gindaya mini sharuɗɗa. Kada ruwa ya taɓa ta. Ranar tafiya kada in ci abin da matata ta dafa. Kada in ci jibin Ubangiji a coci tana jikina, kuma kada in cire ta sai lokacin wanka. Na ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai: ranar da ido ya ga abin da ke ciki, kwana bakwai ya rage mini a duniya.

Wata tara na yi a haka. Na ɗinka mata aljihu a cikin rigar da nake sawa daga ciki. Rifkatu matata za ta tashi da asuba ta dama kunu, in wuce shi in je tasha in sayi ƙosai. Ranar jibin Ubangiji in an fara raba gurasa, sai in fita kamar fitsari ya kama ni. Littafina na Hausa yana kan taga har rana ta cinye launin bangonsa. Kuma kada ku ce tsoron ya tafi. Da ina tsoron 'yan bindiga kaɗai, yanzu na ƙara da tsoron ruwan sama, da kunun matata, da hannun 'yata Hannatu in ta zo rungume ni.

Wata Talata na dawo a gajiye, na cire rigar don in yi wanka, na rataye ta a ƙusa. Daga banɗaki na bi maƙwabci duba taya. Da na dawo tsakar gida, sai na ga rigar a kan igiya tana ɗiga. Jar fatar ta kumbura ta ɓarke a gefen kwano. Takardar kuwa Rifkatu ta buɗe ta, ta shanya a kan zana, ta danne da dutse.

Ta ce, "Baban Hannatu, wagga takarda hwa? Cikin rigakka nis same ta."

'Yan'uwa, zan faɗi abin da na yi don kada Shaiɗan ya sami wurin ɓuya. Na mare ta. Shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ranar na mare ta a gaban 'yarmu. Na ce mata, "Kin kashe ni." Ba ta yi kuka ba, ta dube ni kawai, ta ɗauki kwanon wankinta ta shige ɗaki.

Na fara ƙirga kwana. Na ajiye mota a ƙofar gida, na kwanta ina jiran ajali. Ban iya cin abinci ba. Na nemi Mai Hatimi a waya, layin a kashe. Na aika a duba tasha, aka ce ya daɗe da tashi. Kunya ta hana ni zuwa wurin fasto.

A kwana na biyar mai gidan da muke haya ya yi sallama. Malam Sidi dattijo ne, gidansu gidan malamai ne tun kakanni, shi kansa da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani ganye-ganye. Tun ina yaro ya san ni.

Ya ce, "Bitrus, lahiya? Kwana biyat ban ji kukan motakka ba. In ciwo na, a hwaɗi."

Ban san abin da ya buɗe bakina ba, na kwashe komai na gaya masa. Ya ce in miƙo takardar. Na ce ina tsoron kada abin ya shafe shi. Ya yi murmushi ya ce, "Miƙo dai. Rai na hannun wanda yay yi shi."

Ya fita da ita haske, ya sa tabarau, ya daɗe yana juya ta. Tawadar ta ɗan bazu amma ana ganin haruffan.

"Wanga harshe ban san shi ba, ba ni yi maka ƙarya. Amma na san alƙalami, shekara arba'in muna tare. Wanda yay yi wagga takarda ba rubutu shika yi ba, zane na. Diba nan. Harahi guda ya ɗaga hannu sau ukku, shina leƙen wani wuri shina kwaikwayo. Mai rubutu ya san inda za shi tun bai aza alƙalami ba. Wanga makaho na ya ja ka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, to kwana bakwan fa?"

Ya ce, "Wanga ba nawa ba na. Kuna da malamai, tahi wurinsu. Kuma ka ba matakka haƙuri, mun ji abin da kay yi."

Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Rifkatu ce ta tuna da Baba Ishaya, tsohon mai bishara da ya yi ritaya yana zaune a Rabah. Ta ce ya taɓa gaya wa zumuntar mata cewa ya ɗan koyi Ibrananci a makarantar Littafi. Matsalar ita ce hanya. Wata tara ban taka titi ba sai da layar a jikina, yanzu ga shi kwana na shida. Rifkatu ba ta yi gardama da ni ba. Da safe ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta je ta zauna a gaban mota ta rufe ƙofa. Ta yi kusan awa guda a zaune cikin rana kafin na fito da makulli.

Ban san yadda muka wuce Wurno ba. Rifkatu tana rera waƙar sujada a hankali, ba ta ko dube ni ba.

Mun sami Baba Ishaya a gindin dogon yaro yana ɓare gyaɗa. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi naɗe cikin leda, Tsohon Alkawari ne da Ibrananci. Ya shimfiɗa takardata kusa da shi a kan tabarma.

Ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya har da tari. Ni ina jiran hukuncin mutuwa, tsoho yana share hawayen dariya!

Ya ce, "Ɗana, yi mani gahwara. Ni karatuna kaɗan na, amma ko kalma guda babu nan. Daga hagu ma yaf fara kamar boko, alhali daga dama aka fara wanga rubutu. Wannan harahin kuwa kansa na ƙasa."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce in matso. Ya ɗora yatsa a littafinsa ya nuna mini wani ɗan mitsitsin harafi rataye a sama, bai kai ƙwayar irin albasa biyu ba. Ya ce shi ne autan haruffa. Ya nuna mini waɗansu guda biyu da na rantse iri ɗaya ne, sai da na ƙura ido na ga ɗaya yana da ɗan ƙaho a kafaɗa, ɗayan kafaɗarsa a lanƙwashe take. A takardata duk an yi su iri guda, domin mai zanen bai ma ga ƙahon ba.

Baba ya ce mutanen da suka kwafi wannan littafi zamani bayan zamani ƙirga haruffa suke yi in sun gama, kamar yadda makiyayi yake ƙirga shanunsa da yamma. Ya ce an taɓa tsintar tsofaffin fatu a kogon dutse a can ƙasarsu, waɗanda suka girmi kwafin da ake da su da ƙarnuka, aka gwada, bambancin da aka samu ƙanana ne, saƙon bai canza ba. Ya tuna mini Yesu da bakinsa ya ambaci wannan autan harafi da wannan ɗan ƙaho, ya ce sama da ƙasa za su riga su shuɗewa.

Sai ya ce, "To Allah da yat tsare ɗan ƙaho shekaru dubbai, kana tsammanin Hausa ta gagare shi? Ka tambayi kanka, mi yas sa mutumin ga yac ce kada ka buɗe? Littahin Allah kullum cewa shikai a buɗe a karanta."

Ya karɓi Littafin Hausa na Rifkatu, ya buɗe mini Zabura ta ɗari da ashirin da ɗaya. Shi ya bi nasa da yatsa daga dama, a hankali, yana tuntuɓe yana gyarawa, yana faɗa mini ma'anar kowace kalma. Ni ina bin nawa daga hagu. Layi bayan layi muka tafi tare, har inda aka ce Ubangiji zai kiyaye fitarka da shigarka. Magana ɗaya ce, 'yan'uwa! Abin da na je nema a ɗinke cikin fata yana kan tagar ɗakina rana tana dukansa.

Na tambaye shi ko ke nan ba za a sake tare ni a hanya ba. Ya ce shi bai isa ya yi mini wannan alkawari ba, masu bi ma suna mutuwa a hanya. Abin da ya sani shi ne ba zan shiga kwanar nan ta Shinaka ni kaɗai ba, kuma ranar mutuwata ba ta hannun ɗan damfara.

Na durƙusa a kan ɓawon gyaɗa. Na ce, "Yesu, na raina Maganarka, na guje wa teburinka, na mari matar da ka ba ni. Ka gafarta mini. In gobe ce ranata, a hannunka nake so ta same ni." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a jana'izar Garba. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, na ji yunwa a karo na farko cikin kwana shida. Halleluya!

A nan gaban Baba na roƙi Rifkatu gafara. Ta ce ta yafe. Sai ta ƙara da cewa, "Ni ma ina da tawa. Na san tana cikin rigar. Da hannuna nit taɓa ta kahin in tsoma ruwa, har da ƙarin sabulu. Nac ce gwamma a yi ta ta ƙare da in zura ido ƙunshin takarda shi cinye mani miji."

Baba Ishaya ya sake kama dariya, wannan karon har da ni.

Kwana na bakwai na sha kunun Rifkatu kofi biyu, na yi lodin albasa, na kai Sakkwato na dawo kafin la'asar. Kwana na takwas na tashi da raina. Lahadin jibin Ubangiji da ta biyo baya na zauna a benci na gaba, na miƙa hannu na karɓa.

Ba zan ce muku hanya ta gyaru ba, kun fi ni sanin halin da ake ciki. Har yau in na zo kwanar nan ta Shinaka hannuna yakan yi zufa. Sai in goge a wando, in karanta Zaburata da ƙarfi da Hausa, in wuce.

Godiya ta tabbata ga Allah Uba da ya tsare Maganarsa har ta iso gare mu cikin harshen da muke ji, ga Yesu da ya kwance ni, ga Ruhu Mai Tsarki da ya yi aiki ta hannun maƙwabci da tsoho da mace mai ƙarfin hali. Ku dogara gare shi, ku buɗe Littafinku ku karanta.

Na kuma san ba ni kaɗai Mai Hatimi ya sayar wa ba, domin layi muka yi a ranar. Ɗan'uwa, in kana karanta wannan da irinta a ƙugunka, kada ka jira matarka ta yi wanki. Ka zo tashar Goronyo ka tambayi Bitrus mai albasa. Reza tana aljihuna, za mu yi addu'a mu buɗe ta tare.

Cikin sunan Yesu, amin.