Abin da Ya Sa Likita Ta Tambaye Ni, Ni da Ban Kwanta Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Isufu, mutumin Mirriya, ina aikin gini a Tamanrasset.

Mu tara ne a gida guda a unguwar Sersouf. Watan jiya zawo da amai suka kwantar da biyar, har Allah ya yi wa abokin ɗakina Lawali rasuwa. Bayan kwana uku wata likita ta zo da littafi tana tambayar kowa abin da ya ci da inda ya sha ruwa. Da ta iso kaina na ce, "Hajiya, ni lafiyata ƙalau, ki je wurin marasa lafiya."

Ta ce, "Malam Isufu, duk waɗanda suka kwanta sun sha shayi. In ce shayi ne ya jawo ciwon? Ai kai ma ka sha. Sai na gwada su da ku da kuka tsira zan gane bambancin."

Ashe su biyar ɗin daga tankin tsakar gida suke sha. Mu huɗu a wurin aiki muke wuni, can muke cika jarkarmu. An wanke tankin, ciwon ya tsaya.

Yanzu sauran sun koma garuruwansu, ni kaɗai nake cin abinci, jakar Lawali tana rataye a bango. 'Yan uwa, in masu binciken nan sun zo, ku amsa musu ko kuna lafiya. Kuma ku ba ni shawara: tsohuwarsa ba ta ji ba tukuna. In rubuta mata, ko in kai jakar da kaina?