Askin Ranar Asabar

Tetsu: Alo? Yaya Shigeo? Ni ne Tetsu. Barka da rana.

Shigeo: Manajan kulob da kansa. Barka kadai. Ya sanyi?

Tetsu: Da sauƙi. Ya gwiwar?

Shigeo: Tana nan, tana faɗa min za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Ya Kazue da yara?

Tetsu: Lafiya lau. Ta ce a gode maka da lemon da ka aiko.

Shigeo: Me? Ɗaga murya, kamar daga cikin tulu kake magana.

Tetsu: Ina cikin jirgin ƙasa ne, na fito tsakanin taragu don kada in dami mutane. Kai ma akwai ƙara a wajenka.

Shigeo: Injin aski ne. Ina shagon tsoho Senda. Senda, dakata kaɗan. To, ina jin ka. Daga ina?

Tetsu: Daga wajen masu kamfanin da ke riƙe da kulob. Mun yi zama.

Shigeo: Na san za su zauna. Kulob ya faɗa rukuni na uku ina kocinsa, ai dole. Ba sai ka yi ta kewaye-kewaye ba, Tetsu. Na rubuta takardar ajiye aiki tun daren Lahadi. Ranar Asabar in an tashi wasan ƙarshe, zan tsaya gaban magoya baya, in sunkuya in ba su haƙuri, sannan in miƙa maka ita.

Tetsu: Ai maganar Asabar ɗin ce, Yaya.

Shigeo: Me ya samu Asabar?

Tetsu: Sun ce... gobe da safe za a sanar cewa ka tafi hutu. Rashin lafiya.

Shigeo: Wa ke rashin lafiya?

Tetsu: Haka za a rubuta. Mataimakinka zai ja wasan. Ni zan riƙe lasifika in yi wa jama'a magana.

Shigeo: Ban ji ba, layin ya yanke.

Tetsu: Ka ji, Yaya.

Shigeo: Na ji. So nake ka maimaita, in ji ko bakinka zai iya sau biyu.

Tetsu: Suna tsoron abin da zai faru ne. Ka ga yadda aka tare motar 'yan wasa ranar Lahadi. In ka fito fili za a yi ta ihu, ga masu ɗaukar hoto, ga masu ɗaukar nauyin kulob a zaune.

Shigeo: To a yi ihun mana. Haƙƙinsu ne. Tsohuwa Oshikiri shekara talatin tana rufe shagon taliyarta duk ranar wasa, tana jan ganga har bayan raga. Ba ta da ikon ta zage ni ido da ido?

Tetsu: Don a kare mutuncinka ne.

Shigeo: Mutunci? Ina da shekara sha takwas na shigo kulob ɗin nan, lokacin ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan ƙarfe ce. Da safe ina bakin tanderu, da yamma ina filin tsakuwa. Sau uku aka farke gwiwar nan. Ranar da aka ƙone gawar mahaifina ina kan benci a wani gari, ƙanwata ce ta tsince ƙasusuwansa daga toka bisa al'ada, ita kaɗai, har yau ba ta yafe min ba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa fashin wasa ba. Yanzu ranar da ta fi kowace muni za a ce na kwanta ciwo? Kowa a garin nan zai ce Shigeo ya gudu.

Tetsu: Ba wanda zai...

Shigeo: Kai ma da za ka faɗa, in wani ne. Ka tuna shekarar da ka zubar mana da fanareti a wasan kofi? Kana kuka a ɗakin sauya kaya, ka ce ba za ka fita ba. Wa ya ja ka da wuyan riga?

Tetsu: Kai ne.

Shigeo: Na ce maka me?

Tetsu: Ka ce kada in ɗago kai sai sun gaji da zagi.

Shigeo: Da ka ɗago fa?

Tetsu: Suna tafi.

Shigeo: Ni ban ma roƙi tafi ba. Minti biyu kawai nake nema.

Tetsu: Na roƙa maka, Yaya. Har goshina na kai ƙasa a gabansu. Suka ce in na sake tayar da maganar, mu tafi hutun tare. Kazue ba ta aiki, ka sani, ga yara biyu a makaranta...

Shigeo: Bar shi. Ban ce ka zubar da tuwonka saboda ni ba. Ka san me nake yi a shagon Senda?

Tetsu: Aski, ka ce.

Shigeo: Ƙwal-kwabo. Irin na mai neman gafara, yadda aka koya mana tun muna makaranta. Don Asabar nake yi. Ya riga ya kwashe rabin kan.

Tetsu: Yaya...

Shigeo: Ina kallon kaina a madubi yanzu, rabi furfura, rabi fata. Ko kare ya gan ni sai ya yi haushi.

Tetsu: Ka yi haƙuri. Ban san...

Shigeo: Ba komai. Ku riƙe bencinku da lasifikarku. Zan sayi tikiti kamar kowa, in shiga bayan raga, in tsaya gaban Oshikiri in sunkuya. Wannan ba ya buƙatar izinin kamfani.

Tetsu: Ba za su bar ka ka shiga ba. An ce a raba wa masu gadin ƙofa hotonka.

Shigeo: Wa aka ba aikin rabawa?

Tetsu: Jirgin zai shiga ramin dutse, layin zai...

Shigeo: Wa aka ba?

Tetsu: Ni.

Shigeo: Wane hoto za ka ba su?

Tetsu: Na jikin katin kulob.

Shigeo: Wancan ai da gashi nake. Senda, kunna injinka, ƙarasa.

Tetsu: Yaya, kada ka sa ni a tsaka mai wuya. In suka gane na sani... Yaya Shigeo? Alo?