Allurar Barci Ta Kunyata Ni Gaban Uwar Mijina

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Ni ce Rabi daga Badagishiri.

Watan jiya aka kai ni asibiti a Birnin Ƙonni, aka yi mini aiki a ciki. Kafin aikin an yi mini allurar barci, ban ƙara sanin inda nake ba. Sai da na warware ƙanwata ta ba ni labari. Ta ce ina buɗe ido, harshena ya yi nauyi, na kama ƙwala wa maigidana kira, "Sani! Sani!", sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ga uwar mijina zaune a bakin gado. Wai sai na riƙe hannunta na ce, "Inna, ɗan nan naki ina son shi kamar raina. Amma miyarki gishiri na yi mata yawa."

Inna ta ja mayafinta ta fita. Likita ya ce aikin maganin ne, maigida kuwa dariya kawai yake yi. Ni dai tun da muka dawo gida, in na ji takunta sai in shige ɗaki.

Don Allah a tambayar mini masana: wannan allura ita ke ƙago magana, ko abin da ke zuciya take fitarwa? In na ce wa Inna maganin ne, na yi mata ƙarya, don duk abin da na faɗa gaskiya ne. Da wane baki zan je in gaishe ta?