Rigar Kare da Mukullin Shago Na Sha Tara

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta teloli, mai girma mataimakiyarsa, sakatare da alƙalaminsa da ba ya gajiya, dattawanmu da suka riga mu leƙa kafar allura, iyayenmu mata masu ɗinkin mata da na yara, masu surfani, masu guga, 'yan'uwana na layin sama da na layin ƙasa, da waɗanda kishin sana'a ya kawo, da waɗanda suka zo kallo kawai suka tsaya a bakin taga, ina yi muku sallama irin ta mutunci. Assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama kafin a ɗaga hannu. Ina godiya ga sakatare da ya karanta ƙarar da aka kawo a kaina sau biyu, har da tsayawa a inda ake dariya. Ina kuma godiya ga Baba Mai Tabarau, malamina, wanda ya koya mini riƙon almakashi, wanda kuma shi ne ya kawo ƙarar. Baba, barka da zama.

Kowa ya ji abin da ke gabanmu. Ana so a cire sunana daga ƙungiya saboda ina ɗinka wa karnuka da kyanwoyi tufafi. Dokarmu kuwa a fili take, wanda ba ya cikin ƙungiya ba ya riƙe shago a wannan gini. Ke nan in hannuwa suka tashi yau, gobe zan miƙa mukullin shago na sha tara, inda na shekara ashirin da shida ina taka keke. Da ana kirana Telan Lungu, yanzu an yi mini ƙarin girma, ana kirana Telan Karnuka. To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Maganata huɗu ce, kuma zan gama kafin shayin da aka raba ya huce.

Magana ta farko, yadda abin ya soma. Ba ni na je neman kare ba, kare ne ya zo nemana. Shekara uku da suka wuce, a tsakiyar lokacin sanyi, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagona. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, aure ya kawo ta daga wata ƙasa mai nisa, inda ta ce ruwa yakan daskare a cikin famfo. Hannu ɗaya tana riƙe da igiyar wani tsohon kare siriri, gashinsa ya zube, yana rawar ɗari kamar an jona shi da keken lantarki. Ɗaya hannun kuwa kwat ce ta ulu, a ninke. Ta ce, “Wannan ta mijina ce, ya rasu bara. Ka yanka ta ka yi wa wannan riga. Shagunan da ke gabanka goma sha takwas duk sun kore ni.” Ina ganin wasu sun sunkuyar da kai. Ba na kiran suna.

Ni ma na buɗe baki zan kore ta, sai karen ya yi atishawa. Na rantse muku irin atishawar kawuna ce sak. Na ce ta shigo.

A nan na gane shekaruna a sana'a ba su amfane ni da komai ba. Mu mun saba da mai tsayuwa a miƙe, kafaɗa a sama, hannu a gefe. Sai na yanka masa riga irin ta mutum, hannuwa a gefe, maɓallai a ƙirji. Da aka saka masa ya tsaya ƙafafu a baje kamar teburin guga, ya kasa gaba ya kasa baya, yana kallona da idon da ban taɓa gani a wurin mai kawo ɗinki ba, ko wanda na ɓata wa kayan aure. Sau uku na farke. A na huɗu na fahimci cewa rigar kare daga gadon baya ake soma ta, hannu kuma ƙasa yake kallo. Da ya taka ya fita a cikinta, tsohuwar ta shafa ulun a bayansa, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Ban tambaye ta wanda take shafawa ba.

Magana ta biyu, abin da na koya game da mutane. Kun san wannan gini kowa na shigowa. Akwai na kudu, akwai na arewa, akwai wanda jirgi ya sauke jiya. Kuma na lura babu abin da ke raba kan jama'a kamar kare cikin riga.

Ga mai gadin ƙofar baya, wanda ya tashi cikin makiyaya. Ranar da ya ga karen tsohuwar ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce, “A wurinmu kare ma'aikaci ne. Ka taɓa ganin an ɗinka wa fartanya riga?” Na ce ban taɓa ba. Bayan wata biyu sai ga shi ya leƙo, yana waige-waige, wai akuyarsa ta haihu cikin ruwan sama, ko ina da ragowar ƙyalle mai kauri. Na ce, “Af, fartanya ta ji sanyi ke nan?” Ya ce, “Kai, akuya ai daban ce.” Kowa da dabbar da yake cewa daban ce.

Ga wata malamar makaranta, ita ma baƙuwa, da ta tsaya ta wanke ni tas. Ta ce a garinsu sanya wa dabba tufafi cin mutuncin dabbar ne, Allah ya ba ta rigarta, mu muka mayar da ita abin wasa. Ba ta jima da fita ba wani dattijo ya shigo ya ce sanya wa kare riga cin mutuncin ɗan Adam ne, ga mutane ba su da ta sawa. A yini ɗaya, a kan riga ɗaya, an ce na wulaƙanta kare, an ce na wulaƙanta mutum. Na koma gida na gaya wa uwar 'ya'yana. Ta ce, “To ka gode Allah ba a ce ka wulaƙanta rigar ba.”

Ga kuma wata ma'aikaciyar banki da ta zo da kyanwarta cikin kwando, tana so a yi mata doguwar riga mai leshi, da hula, da takalma huɗu, saboda za a ɗauke su hoto kaya iri ɗaya. Ta ce a inda ta yi karatu kyanwa 'yar gida ce, har ranar haihuwarta ake tunawa. Na yi rigar. Da aka saka mata, kyanwar ta sandare, ta faɗi gefe guda kamar buhu, sannan ta tashi ta rubuta ra'ayinta a bayan hannuna. Ga tabon nan, na layin gaba za su iya gani. Daga ranar na kafa wa kaina doka. Rigar sanyi zan yi. Rigar da likitan dabbobi ke aiko mini, wadda ke hana dabba lasar ɗinkin tiyata, zan yi. Amma leshi da hula da takalmi, a kai gaba. Shi likitan ma ya ja mini kunne cewa lulluɓe kare mai gashi a lokacin zafi zalunci ne, ko da siliki aka lulluɓe shi.

Don haka kada wani ya ɗauka na zo in ce masu sa wa dabba riga su ne wayayyu, ko masu ƙi su ne masu hankali. Na auna duka biyun, kuma a kowane ɓangare akwai mai tausayi, akwai mai son a gani. Abincin wani gubar wani. Wani karensa a kan gado yake kwana, wani ko inuwar kare ba ya so ta taɓa tufafinsa, kuma dukansu suna hawa matakalar nan suna kawo mana yadi.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, laifina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ina da laifi babba.

Watan jiya Baba ya turo mini surukinsa, mutumin kirki mai tsabta, wanda ba ya haɗa hanya da kare. Idon Baba ya yi rauni, farin yadi ne mai tsada, sai ya ce a kawo wa ɗansa na shago na sha tara. Haka ya ce, ɗansa. Mutumin ya shigo ya same ni a durƙushe, na zagaya tef ɗin awo a ƙirjin wani jan kare. Na miƙe da sauri muka gaisa. Yanzu ina tambayar kowane tela a ɗakin nan, in ka gama awo, ina tef yake komawa? Ku duba wuyanku. Ga mutum bakwai can da suka zo taro da shi a rataye. Sabo turken wawa. Na rataya shi a wuya ban sani ba, na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu don girmama baƙo, na dawo na zaro tef ɗin nan dai na zagaya shi a wuyan surukin Baba. Da na cire, ga jan gashi uku kwance a kan farar kwalarsa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ya dubi gashin, ya dube ni, ya naɗe yadinsa ya sauka.

Ku yi dariya, ni ma in na tuna fuskata a ranar ina yi. Amma abin da na yi ba ƙarami ba ne. Mutum ya ba ni wuyansa bisa amana, na ɗora masa abin da yake ƙyama, kuma na kunyata wanda ya turo shi. Tun ranar Baba in zai wuce ta lungunmu sai ya zagaya ta ɗaya matakalar, da wannan gwiwar tasa mai ciwo. Wannan zagayen ya fi takardar ƙarar yi mini zafi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu.

Magana ta huɗu, abin da nake roƙo. Ba na roƙon a ce ban yi kuskure ba. Ina roƙon a gyara, kamar yadda muke gyara ɗinki, a farke inda ya karkace a bar sauran rigar. Na riga na sayi jan tef, an ɗaure shi da igiya a ƙafar teburin baya, ko na so ba zai kai wuyana ba. Dabbobi ba za su ƙara shigowa ta ƙofar gaba ba, sai ranar Laraba kawai, ta ƙofar baya, mai gadi ya yarda zai riƙa karɓarsu tunda shi ma akuyarsa ta mayar da shi ɗan gari a harkar. Allura daban, keke daban, tsohon nan da ke jingine. Na kuma rubuta a allo a bakin shago, domin wanda ba ya so ya sani tun daga waje, ya koma shago na sha takwas da alherinsa. In ƙungiya ta ga dama ta mayar da wannan doka ga kowa, domin na san mutum biyu a layin ƙasa da suke irin aikin nan a ɓoye, labule a sake. Su ma ba na kiran suna.

In kuma kuka ɗaga hannu, ba zan yi jayayya ba. Ƙungiya uwa ce. Gobe da safe sakatare zai ga mukulli a kan teburinsa, in nemi inuwa in kafa kekena.

Abu ɗaya ne kawai ƙuri'a ba za ta yanke ba. Kun san ranar da malami ya yaye ɗalibinsa yakan ba shi almakashi daga nasa. Ga wanda Baba ya ba ni. Bakinsa ya sha washi har ya sirance, amma har yau ba ya taunar yadi. Ba zan ɓoye maka ba, Baba, da shi nake yanka ulun karnukan nan, domin shi kaɗai ke ratsa kauri. Da shi kuma na yanka kayan makarantar 'ya'yana duka biyar. In kana ganin na zubar masa da daraja, ga shi na ajiye a gabanka, ka ɗauka da hannunka, ba sai an ƙirga hannun kowa ba. In kuwa taro ya watse na same shi a inda na ajiye, to ko an karɓe shagon, zan san har yanzu ina da uba a sana'ar nan.

Allah ya ƙara wa shugabanninmu haƙuri da mu. Allah ya tsare idanunmu da gadon bayanmu, ya sa zarenmu kada ya tsinke a tsakiyar aiki. Allah ya rufa asirin duk mai rufa wa wani jiki, ya ba marasa sutura sutura, ya sanya tausayi a zukatanmu ga duk abin da ke jin sanyi. Allah ya ba Baba lafiyar gwiwa, ya kuma dawo da shi ta matakalarmu.

Na gode.