Jitar da Na Saya wa Babana

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar makaranta da malamanta masu koyar da kiɗa, iyayena maza da iyayena mata, yayye da ƙanne da suka zo fara koyon jita a yau, da duk wanda ya baro aikinsa ya cika wannan ɗaki, ina yi muku sallama: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ko da yake ni ba makaɗiya ba ce, tela ce. An ce in yi wa sababbin ɗalibai magana kan irin jitar da ta dace da ɗan koyo, kuma na karɓa ne domin na san yadda ake zaɓen wadda ba ta dace ba.

Babana direban babbar mota ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da sitiyari har yatsunsa suka sandare. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai ya koma mai shiru. Akwai wani sauti da take rerawa cikin maƙogwaro idan tana guga, ba shi da baiti, ba shi da suna, nata ne ita kaɗai. Wata rana ya ce mini, "'Yar nan, sautin nan na uwarku ya fara zille mini. Ina so in sa shi a yatsuna kafin ya tafi. Ki samo mini jita."

Na tafi kanti, kuma ina roƙonku ku bi ni, ku ga inda na faɗi.

Kuskurena na farko shi ne girma. Mai kanti ya miƙo mini wata 'yar madaidaiciya, na ce masa, "Haba malam, babana zan saya wa, ba ɗan firamare ba." Na nuna wata ƙatuwa baƙa mai sheƙi, na ce ita ce daidai da darajarsa. Ni da ba na sa almakashi a yadi sai na auna kafaɗa, na auna hannu, na sayo wa mahaifina kaya ban auna komai ba. Idan ya zauna da ita, sai ka rantse buhu ya runguma. Ɗalibai, ku zauna da jita a cinya kafin ku saya. In kafaɗa ta ɗage, in hannu bai kai ƙarshen wuyanta cikin sauƙi ba, ba taku ba ce, komai kyanta.

Na biyu, tsirkiya. Akwai ta ƙarfe, akwai ta roba. Ta ƙarfe tana da amo, amma tana cin yatsa, ta roba kuwa taushi gare ta, tana yi wa ɗan koyo haƙuri. Ni na ji an ce roba, sai na raina, na ɗauki mai ta ƙarfe. Akwai kuma jita mai lantarki, ita ma ba ta wahalar da yatsa, sai dai tana tafe da waya da lasifika, ga maƙwabta da za ku riƙa ba haƙuri.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin ban ma san ana duba shi ba: tazarar da ke tsakanin tsirkiya da katakon wuya. In ta yi yawa, sai ka danna da dukan ƙarfinka kafin sauti ya fita, kuma in ya fita, a shaƙe yake fita.

Wata huɗu Baba yana fama. Kullum da hantsi yana kan kujerar roba a bakin ƙofa, tabarau a karan hanci, yana dannawa, jita tana ƙi. Kan yatsunsa suka tsage, ya naɗe su da filasta, ya ci gaba. Ni kuwa ina wucewa ina ce masa, "Baba, a daure, kowa da haka ya fara." Ran da ya haƙura, ya jingine ta bayan ƙofa, ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Ba laifinta ba ne, 'yar nan, kin sayo mai kyau. Hannun ne ya mutu." Bai sake taɓa ta ba, bai sake zancen sautin ba. Bayan shekara guda shi ma Allah ya yi masa rasuwa.

Da muka zo kwashe ɗakinsa, na kai jitar wurin mai gyara ya duba ta kafin in ba da ita kyauta. Ya danna tsirkiya ɗaya, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wa yake kaɗa wannan?" Na ce babana, wata huɗu. Ya ce, "Wata huɗu? Ni da nake wannan sana'a tun ina saurayi, ba zan yi minti goma a kanta ba." Ya sauke tazarar, ya sa mata tsirkiyoyi masu laushi, aikin bai kai rabin awa ba. Ya ce in gwada. Na ɗora yatsa ɗaya, ban ko matsa ba, sauti ya fito garau. A nan shagon na zauna na yi kuka.

Sautin mahaifiyarmu ya tafi. Ni da ƙannena mun haɗu mun gwada rera shi, kowa da guntunsa, guntayen ba su haɗu ba. Wannan na haƙura da shi. Abin da na kasa haƙura da shi, Baba ya tafi yana zargin hannunsa, alhali hannunsa lafiya lau yake. Ba ni da inda zan kai masa wannan saƙo, shi ya sa na kawo muku. Ran da jita ta ƙi ku, kada ku yanke wa kanku hukunci sai kun kai ta an duba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya yafe mana abin da muka yi musu cikin rashin sani, ya ba malamanmu juriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni.