Ƙwaryar Fura a Motar Guguwa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku ce Amin da ƙarfi, iyayena mata, don wanda na zo ba da labarinsa yana can bencin baya ya sunkuyar da kai. Iliya, ɗaga kanka a gan ka! Kada ku ce na tona asirin mijina, shi ya ba ni izini. Ya ce in faɗi duka, amma kada in ƙara gishiri.

Saboda baƙi, sunana Rifkatu. Ƴar Dogarawa ce ni, aure ya kawo ni Ƙonni. Lokacin da anka kawo ni, Iliya yana gyaran mota a garejin wani Alhaji kusa da tasha. Ya samu wata tsohuwar Fijo fara da kowa ya fid da rai da ita, ya zauna ya tashe ta da hannunsa. Da ta tashi, ya rubuta mata suna a baya da jan fenti: Guguwa. Sunan ya bi shi, har a tasha ba mai ce masa Iliya.

Mijina ba ya shan giya, ba ya bin mata, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ciwonsa ɗaya ne, tsere. Ran Lahadi da an tashi sujada zai ci tuwo a tsaye, ya fita. Shi da Sani ɗan Alhaji da sauran samarin tasha su jera motoci bisa kwalta, su taka totur har Malbaza. Ba kyauta ake ba su ba, a dai ce wane ya riga wane. Jandarma sun sha tare su, sai su sake wuri. In kuwa an tashi kai amarya wani gari, ranar sallarsu ce. Motar amarya tana tafiya a hankali, su kuma su sa gudu, wanda ya fara isa ƙofar gidan ango ya danna oda, mata su yi masa guɗa.

Ni kuwa ina gida, zuciyata tana bisa hanya. In na ji sallama a ƙofa sai in ce mugun labari anka kawo. Wata rana motar ɗaya daga cikinsu ta ƙwace, ta yi ta juyi, har yau da sanda yake tafiya. Na ce to, yau Iliya zai yi hankali. Ya je asibiti ya gaishe shi, ya dawo ya ce mini, "Tayarshi ce ba ta da kyau."

Kun ji fa! Taya!

Na yi kuka, na yi fushi, na yi yaji har Dogarawa, ya zo biko cikin Guguwar. Sai na koma ga addu'a, amma ku ji irin addu'ar. Kullum ina durƙushe ina cewa, "Ya Ubangiji, ka kashe injin nan, kada ya sake tashi." Ku yi dariya, ni ma yanzu dariya nake. In motar ta lalace sai in ce Allah ya ji kukana. Kwana kaɗan Iliya ya gyara ta, ta fi da gudu.

Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba. Da Ubangiji ya tuna da ni na samu ciki, tsorona ya ninka. Na ce ashe maraya zan haifa? Na tafi wurin Mama Saratu, shugabar zumuntarmu a lokacin, na zayyana mata komai, har da addu'ar inji. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Ɗiyata, ke kina ta kai ƙarar ƙarhe wurin Allah. Mi ƙarhe ya yi miki? Mai ƙarhen fa, kin taɓa kai shi?"

Munka durƙusa a ɗakinta. Na ce, "Ya Yesu, dabarata ta ƙare. Ga Iliya nan, naka ne. Ka buɗe masa ido." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Amma na tashi jikina sakayau, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Ba a daɗe ba anka sa bikin ɗiyar Alhaji, za a kai ta Illela. Maƙwabtanmu ne na arziki, ina cikin masu girki tun safe. Da la'asar Hajiya, uwar amarya, ta miƙo mini wata babbar ƙwarya cike da fura, an rufe da faifai, ta ce ta surukai ce, in riƙe ta a motar mata. Na fito da ƙwarya, ga cikina ya yi gaba. Sai na hango Iliya yana goge Guguwa, Sani da sauransu sun jera, kowa yana gwada injinsa.

Ban shirya komai ba, Allah shaida ne. Ƙafafuna kawai sunka kai ni. Na buɗe ƙofar gaba, na zauna, na ɗora ƙwarya bisa cinya.

Iliya ya leƙo ya ce, "Rifkatu, mi kike yi nan? Ga motar mata can."

Na ce, "Motar mijina zan shiga."

Ya rage murya ya ce, "Ke kin san yadda muke tahiya."

Na ce, "Ai kai ka ce ba hatsari, taya ce kawai. Tayarka na da kyau, ko? To mu tahi, mu uku. Sai dai hurar surukai ce wagga, kada ɗigo ɗaya ya zuba mini ga zane."

Ya dubi cikina, ya dubi ƙwarya, ya dubi abokansa. Sani yana ta danna oda. Ba damar ya fid da mace mai ciki a gaban jama'ar biki. Ya shiga ya tada mota, fuska a murtuke.

Kafin mu fita gari sauran sun ɓace. Na ga yana son taka totur, amma kowane rami sai ya taka burki, ya saci kallon ƙwarya. Babbar motar albasa ta wuce mu. Motar amarya ma ta wuce mu, mata sunka leƙo ta taga suna yi masa guɗar tsiya. Ni dai ina yabon Ubangiji a zuci.

Kafin gangaren Badagishiri akwai wani ƙauye a bakin hanya. Nan munka tarar da mutane sun taru. Amalanken jaki ya kife cikin rami, albasa ta watse bisa kwalta, jakin yana tsaye yana kyarma. Wani tsoho, Baba Arzika, yana zaune a ƙasa ya riƙe hannu, jini na zuba. Masu tsere ne sunka zo a jere, mota biyu kafaɗa da kafaɗa, jaki ya firgita ya faɗa rami da shi.

Iliya ya tsaya. Ya kama da maza sunka ɗaga amalanke, ya shiga tsintar albasa. Ni kuwa na buɗe furar surukai na ba tsoho ya sha. Hajiya ta yafe mini daga baya.

Da tsoho ya samu numfashi ya ce wa Iliya, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Kai ba irinsu ba ne. Wanga abu ya ishe mu. In mun ji ƙarar mota, uwaye su bar daka su ruga jan ɗiyansu daga hanya. Akwai wani cikinsu da aka ce ma Guguwa, shi ya hi su duka. Tumakina biyu ya kashe bara, ko waiwaye bai yi ba. Ba mu taɓa ganin huskarshi ba."

Jama'a, da kun ga mijina! Ya yi ta ja da baya, ja da baya, har ya jingina da bayan mota, ya baza rigarsa bisa jan fentin nan. Nan ya kafe. Da za mu kai tsoho likita a Badagishiri, sai da anka sa shi cikin mota tukuna Iliya ya yarda ya matsa.

Mu munka isa Illela ƙarshe, an riga an cinye abinci. Sani ya tare mu yana dariya ya ce, "Guguwa, a ƙasa ka zo?"

Iliya ya ce, "Sani, wa ya jefa tsoho rami kusa da gangare?"

Sani ya ce, "Wane tsoho? Ni ban ga kowa ba."

Iliya ya ce, "Ni ma ban taɓa ganin kowa ba. Sai yau."

Da munka koma gida ya durƙusa tsakar ɗaki, ya yi kuka irin wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya roƙi gafarar Ubangiji, ya roƙi tawa. Washegari ya shafe sunan da farin fenti. Halleluya!

Ba zan ce muku sha'awar ta mutu rana ɗaya ba. Ran Lahadi in ya ji ƙarar injinsu sai ya kasa zama. Sai ya ɗora wa kansa kai tsofaffin ikilisiya gida bayan sujada, kuma kun san Mama Saratu ba ta yarda a wuce gudun keke da ita. Da haka Ubangiji ya yaye shi. Cikin abokansa akwai waɗanda sunka bari, akwai waɗanda har yau muna yi musu addu'a.

Bayan na haifi Murna, ga ta can har ta shiga lakwal, makarantar boko, Iliya ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya sayi tumaki biyu ya sa a mota, munka koma ƙauyen nan da jaririya a baya. Ya durƙusa gaban Baba Arzika ya ce, "Baba, ni ne Guguwa."

Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Na sani tun ran nan! Ban iya karatun boko ba, amma kukan motarka ko cikin barci na san shi. Kuma ban taɓa ganin mai gaskiya shina gadin bayan mota da riga ba."

Iliya ya ce, "To mi ya hana ka hwaɗi, Baba? Da mutane sun ji, da sun yi mini dukan tsiya."

Ya ce, "Na so in hwaɗi. Sai na ga matarka da ciki da ƙwarya ta zauna gaban mota. Na ce a bar shi, Allah ya riga ni kama shi."

Ku taya ni gode wa Ubangiji! Na roƙe shi ya kashe inji, ya ƙi. Injin nan shi ya kai ni asibiti ran naƙudata, shi ke kawo iyayenmu sujada har yau. Mijina kuwa ga shi can da ƙafafunsa biyu, ɗiyarsa ta san ubanta.

Ƴar'uwa, in akwai wanda ke hana ki barci a gidanki, kada ki gaji. Kai shi gaban Yesu da sunansa, ki bar masa dabarar. Ya san inda zai tare shi. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.